Daga Bencin Gwaji: Yadda Muke Koyon Aikin Leb a Kano

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Mu huɗu ne a benci ɗaya, kuma mun ɗaukar wa kanmu alkawari. Kafin zangon karatun nan ya ƙare, kowannenmu zai iya haɗa ruwan sinadari da kansa, ya rina bakteriya, ya shimfiɗa jini a gilashi ya nemo ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba tare da an tsaya a kansa ba. Ni aka ɗora wa rubuta yadda tafiyar ke gudana.

A makon farko ko kwalba ba a bari mun taɓa ba. Malamin da ke kula da ɗakin dattijo ne marar hayaniya, kuma da labarin zazzaɓin Lassa ya buɗe mana. A 1969 aka fara gane cutar a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Da aka kai samfurinta jami'ar Yale a Amurka, masanin da ke bincikenta, Jordi Casals, ya kamu, da ƙyar ya sha, wani ma'aikacin ɗakin gwaji a can kuma ya rasu. A 1970 likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa a Jos, ita ma cutar ta yi ajalinta. Da ya gama sai ya ce, "To 'ya'yana, waɗannan duk sun fi ku sanin aiki."

Sauran dokokin sanannu ne. Ba ci, ba sha, ba zuƙar ruwa da baki a bututu, ba mayar wa allura murfi bayan an yi amfani da ita, sai dai a jefa ta cikin kwalin allurai yadda take. Silifas ba ya shiga. Mu mata an ce mu cusa gefen hijabi cikin farar riga, saboda wutar da ake gasa waya da ita shuɗiya ce, da rana ba a cika ganinta ba.

Lissafin farko da muka yi na bilic ne. Wanda ake sayarwa a kasuwa, irin su JIK, ƙarfinsa kashi 3.5 ne cikin ɗari, na wanke jinin da ya zube kuwa 0.5 ake so. Wato awo ɗaya na bilic, awo shida na ruwa, kuma kullum sabo ake haɗawa don ƙarfinsa na raguwa idan ya kwana. An kuma umarci wanda bai yi rigakafin ciwon hanta nau'in B ba ya je ya fara. Allura uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku wata shida daga ta farko.

Laraba, 22 ga Janairu

Awo. Ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya muka haɗa, mai kashi 0.9, wato giram 0.9 na gishiri a mililita 100. Ba zuba ruwa mililita 100 ake yi a kan gishirin ba. Ana narkar da shi da ruwa kaɗan a kwalba mai dogon wuya, sannan a yi ta ƙarawa har ya kai layi, ido daidai da layin, ana duba ƙasan lanƙwasar ruwan. Malam ya ɗiga jini a wannan ruwan, ya ɗiga a ruwa zalla, ya ɗiga a mai gishiri da yawa. A na farko ƙwayoyin jini suka zauna lafiya, a na biyu suka sha ruwa suka fashe, a na uku suka yamutse. Daga nan lambar 0.9 ta zauna mini a kai.

Sai fifet, abin ɗibar ruwa ƙanƙani. Maɓallinsa tsayawa biyu yake yi. A ta farko ake ɗiba, ta biyu don fitar da ɗigon ƙarshe ce. Wanda ya danna har ta biyu kafin ya ɗiba zai kwaso fiye da abin da ya saita, kuma idonsa ba zai gaya masa ba. Ma'auni ne ke tona asiri, domin maikurolita 1000 na ruwa, wato mililita ɗaya, nauyinsa kusan giram 1 ne. Kowa ya ɗiba ya zuba a ma'auni muna kallo. Fifet ɗaya, ruwa ɗaya, amma hannu huɗu suka ba da lamba huɗu. Mun yanke cewa duk ranar aiki da wannan za mu fara, har sai lambobin sun matso kusa da juna.

Iskar hunturu ma ba ta bar mu ba. Idan ba a rufe ƙofofin gilashin ma'aunin ba, lambar ƙarshe rawa take yi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Yau aka damƙa mana maikuroskop. Gilashin da ake kafa ido yana ninka girma sau 10, na ƙasa kuma akwai mai 10, mai 40 da mai 100, saboda haka iyakarmu sau 1000. Daga ƙarami ake farawa a hau sama. Mai 100 sai da ɗigon mai, domin haske na karkacewa idan ya fito daga gilashi ya shiga iska, man kuwa yana tafiyar da haske kusan daidai da gilashi, sai hoton ya fito tas. Idan man ya taɓa mai 40, hoton ya dushe ke nan sai an goge.

Ƙura ce babbar abokiyar gabarmu a wannan watan. Wata abokiyar bencinmu ta yi ta murna ta ga wani baƙin abu, sai Malam ya ce ta juya gilashin idon. Abin ya juya tare da shi. "Ke 'yar nan, hazon Kano kika gano," in ji shi. Dabarar ke nan: in ya bi gilashin ido, a can yake zaune, in ya motsa da ka matsar da samfurin, to a samfurin yake.

Mutumin da ya fara ganin bakteriya da idonsa, Antonie van Leeuwenhoek na garin Delft a Holan, a shekarun 1670, bai yi jami'a ba. Ɗan kasuwar yadi ne, wanda da a nan yake da Kantin Kwari za a je nemansa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Mun dafa abincin bakteriya. Tukunyar tururi tana aiki a digiri 121, matsi fam 15, minti 15, kuma ba a fara ƙirga mintin sai zafin ya kai. Ɗaya daga cikinmu ya tambaya me ya sa ba za a tafasa kawai ba. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, kuma wasu bakteriya, irin dangin Bacillus da Clostridium, suna naɗe kansu cikin ƙwanso mai tauri da ke jure tafasa. Matsi ne ke ɗaga zafin tururin ya kai inda zai kashe su. Tef ɗin da ake liƙawa yana yin baƙin layi idan ya sha zafi, amma shaidar cewa zafi ya taɓa shi ce kawai, ba shaidar cewa komai na ciki ya mutu ba.

Sinadarin da ke daskarar da abincin, aga, daga ciyawar teku ake samunsa. Kafin shi da jelatin ake aiki, shi kuwa narkewa yake a zafin jikin mutum, wanda shi ne zafin da ake renon ƙwayoyin cuta a ciki. Wata mata, Fanny Hesse, matar ɗaya daga cikin masu aiki da Robert Koch a Jamus, ita ta kawo shawarar aga a farkon shekarun 1880, daga abin da ta sani a girki. Ba ya narkewa sai wajen digiri 85, ba ya kuma daskarewa sai ya sauko wajen 40. Wannan tazarar ce ke ba mu damar zuba jinin tunkiya a ciki yana ruwa-ruwa, a wajen digiri 45 zuwa 50, jinin bai dahu ba. Farantin da muke zubawa a ciki kuma sunan Julius Petri yake ɗauke da shi, tun 1887.

Suna da kwanan wata a gindin faranti ake rubutawa, don murfi na iya sauya gida. A kife ake sa su a akwatin ɗumi, digiri 37, don kada raɓar murfi ta ɗiga a kai. Mun sa namu, mun sa ɗaya da muka bari a buɗe a bakin taga na ɗan lokaci, sannan Malam ya ƙara ɗaya da ba a shuka komai a kansa ba. Ya ce shi ne kwantirol, kuma shi za mu fara dubawa gobe.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Kwantirol fes yake, ko ɗigo babu, don haka abin da ya tsiro a sauran mu muka shuka shi. Na bakin taga kuwa ya cika da tsiro kala-kala. Babu wanda ya ƙara yin hira a kan buɗaɗɗen faranti.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Rinin Gram ya ci mana makonni, kuma ya cancanta. Hans Christian Gram, likita ɗan Denmak, ya fito da shi a 1884, har yau kuma da shi ake fara raba bakteriya gida biyu. Ana shafa samfurin siriri a gilashi, ya bushe, a ɗan gifta shi ta kan wuta don ya kama. Sai rini mai launin shunayya, kiristal bayolet, minti ɗaya. Sai aidin minti ɗaya, wanda ke ɗaure rinin a cikin ƙwayar. Sai asiton ko alkohol na 'yan daƙiƙu. Sai jan rini, safaranin, a ƙarshe. Bakteriya mai kaurin bango tana riƙe rinin farko ta fito shuɗiya mai duhu. Mai siririn bango asiton na wanke ta, sai ta ɗauki ja.

Duk rigimar a waɗannan 'yan daƙiƙu na asiton take. Ka daɗe, masu kaurin bangon ma su saki rini su koma ja. Ka yi gaggawa, masu siririn bangon su zauna da shuɗi. Ko ta wace hanya aka kauce, gilashin zai fito da kyau, launi raɗau, babu abin da zai nuna maka ƙarya yake yi. Shafi mai kauri da tsohon tsiro da ya kwana biyu su ma suna ruɗa launi. Likita kuwa da wannan launin yake fara zaɓen magani kafin sauran sakamako ya fito.

Maganin abin shi ne a sa sanannu a gefe. A gilashi ɗaya muke shafa Staphylococcus aureus a wannan gefen, Escherichia coli a wancan, abin da ba mu sani ba a tsakiya. Dole na farko ya fito shuɗi, ƙulli-ƙulli a cunkushe, na biyu ya fito ja, gajerun sanduna. In ɗayansu ya saɓa, ba ma ko kallon na tsakiya, sabo ake yi. A ganina wannan ɗabi'ar ita ce mafi tsadar abin da aka ba mu zuwa yanzu, kuma ita ce mai aiki zai fi saurin yarwa ranar da samfura suka yi masa yawa.

Na tambayi Malam ko da wannan rinin aka riƙa gane mashaƙo, wadda ta ɓarke daga ƙarshen 2022 kuma Kano ta fi kowace jiha jin jiki. Ya girgiza kai. Ya ce Corynebacterium diphtheriae tana fitowa shuɗiya, sanda mai kumburin kai, amma tana da 'yan uwa marasa cutarwa a maƙogwaron mai lafiya masu kama da ita sak. Sai an rene ta a abinci mai sinadarin telurait, inda take tsiro baƙi, sannan a gwada ko tana fitar da dafi. "Rini hanya yake nuna miki, 'yata. Ba ya kai ki gida."

Litinin, 10 ga Maris

Azumi ya sa an dawo da aikin benci safe. Mun shiga jini. Awon yawan jini bai ba mu wuya ba: siririn bututu, a toshe gindinsa, a juya a inji minti biyar, a karanta tsawon jan da ya kwanta. Rukunin jini ma haka, ɗigo uku a farar tayil, shuɗin ruwa na A, rawaya na B, marar launi na D, a ga wanda ya dunƙule. Karl Landsteiner ne ya gano rukunan A, B da O a 1901.

Jinotaif ne ya tsayar da ni, don ya shigo har gidanmu. Bikin Yaya bayan Salla ne, kuma tun 2024 gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano, ciki har da jinotaif, ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Umma ta ce, "Ke da kike karatun abin, ba sai ki duba masa ba?" Na ce, "Umma, rufa mini asiri, ni ko lasisi ba ni da shi." Aikin nan yana da hukumar da ke yi wa masu yin sa rajista, bisa dokar 2003.

Abin da na iya yi mata shi ne bayani. Gwaji biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai na gaggawa, inda ake ɗiga sinadarin da ke janye iskar oksijin daga jini a ga ko ƙwayoyin za su lanƙwashe. Wannan yana nuna akwai S ne kawai, wato nau'in himogulobin (jan sinadarin jini) mai kawo sikila, ba ya raba AS da SS. Na biyun shi ne wanda ake ja da lantarki, kowane nau'in himogulobin ya yi tafiyarsa ya tsaya a layinsa. Shi ma ba ya karantuwa sai an jera sanannen jini a gefe, don da shi za a san wane layi ne A, wane ne S. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan sakamakonsa na iya ruɗarwa, domin jinin wani ke yawo a jikinsa. Kuma kuskuren da ya fi sauƙin faruwa ba ya buƙatar inji, musayar suna a kwalba ya isa.

Ɗayan abin da na gyara mata shi ne lissafin AS da AS. Mutane na cewa ɗa ɗaya cikin huɗu ne zai zo da sikila, har wasu su ɗauka in na fari ya zo da ita sauran ukun sun tsira. Kowane ciki lissafinsa daban, ɗaya bisa huɗu ne sabo fil. Umma ta yi shiru, sannan ta ambaci wani gida a unguwarmu da yara uku a jere suke da ita.

Laraba, 19 ga Maris

Mun iso inda muka nufa tun farko. Shimfiɗa biyu ake yi wa jinin maleriya, mai kauri da siririya. Mai kauri don a gano ko akwai ƙwayar, saboda jini mai yawa ne aka tara wuri ɗaya. Siririya don a san wace iri ce. Ana tsoma siririyar a metanol don ƙwayoyin jini su tsaya da siffarsu. Mai kaurin ba a bari metanol ya taɓa ta, don so ake jajayen ƙwayoyin su fashe a cikin rini a ga abin da ke ɓoye. Kaurinta daidai shi ne a ɗora ta a kan jarida tana ɗanya a iya hango rubutu dishi-dishi.

Zafin Maris ya kawo nasa. In aka bar mai kauri a rana ko kusa da zafi, kamawa take da kanta kamar an sa mata metanol, ba za ta fashe ba. In aka bar ta a buɗe kuma ƙuda ya lashe. A inuwa muke busarwa, a rufe.

Rinin Gimsa ana sirka shi kashi 10 cikin ɗari a bar shi minti 10, ko kashi 3 a bar shi minti 45 zuwa awa guda. Na biyun ya fi fitar da launi. Ruwan sirki dole ma'aunin tsaminsa ya zama 7.2. In ya yi ƙasa komai ya yi ja, in ya yi sama komai ya yi shuɗi, don haka ruwan famfo ko na burtsatse ba ya shiga wannan aikin.

Talata, 8 ga Afrilu

Mun dawo daga hutun Salla. Yanzu rani ne, sauro ya yi sauƙi, masu ɗauke da ƙwayar ba su da yawa sai damina ta kankama. Saboda haka da tsofaffin gilasan da Malam ya adana muke koyon karatu.

A cikin ire-iren ƙwayar maleriya, Plasmodium falciparum ce ta fi yawa a ƙasar nan. Ƙaramarta zobe ne shuɗi mai jan ɗigo ɗaya ko biyu. Ƙa'idar da aka kafa mana ita ce sai ka ga jan ɗigon, ka ga shuɗin jikin, ka ga siffar ta yi daidai, sannan ka kira ta ƙwaya. Ƙananan ƙwayoyin daskarar da jini da gurɓin rini suna yaudarar sabon ido ƙwarai, kuma duk mai ɗokin ya gani, zai gani. Kafin a rubuta babu, sai an duba fili 100 aƙalla. Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa, a Aljeriya ya fara ganinta a 1880, cikin ɗanyen jinin da ko rini babu. Ina tuna shi duk sanda idona ya fara ruwa.

Ƙirga ma muka koya. Ana ƙirga ƙwayoyin cutar har a cika fararen ƙwayoyin jini 200, sannan a ɗauka akwai farare 8000 a maikurolita ɗaya. In an samu 150, sai a raba da 200 a ninka da 8000, ya ba da 6000 a maikurolita. Wannan ya fi alamar tarawa ɗaya ko biyu da aka saba gani a takarda, don da lamba ne likita zai san ko magani na ci in an sake gwaji.

A nan zan faɗi abin da ke raina. Kusan duk wanda na sani a garin nan da ya je gwaji da zazzaɓi, da "maleriya da taifot" yake dawowa. Najeriya na ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, don haka ba a raina cutar. Amma gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot a wurin da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar, renon jini ne ke tabbatarwa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da maganin maleriya. Gwajin da kullum amsarsa "akwai" bai bambanta da rashin gwaji ba, sai dai kuɗin da aka biya, ga kuma ainihin ciwon an bar shi yana ci.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Malam ya rufe lambobin gilasai ya cakuɗa su, masu ƙwaya da marasa ita, ya ce kowa ya karanta shi kaɗai. A masu ƙwaya da yawa bakinmu ya zo ɗaya. A masu kaɗan da marasa komai ne muka rabu, kuma saɓanin ya fi karkata wajen ganin abin da babu. Ya ce haka sababbi suke, ya mayar da mu kan gilasan da ba su da komai, mu yi ta kallonsu har idonmu ya saba da yadda jini mai lafiya yake.

Ga inda muke. Haɗa ruwa da rinin Gram kowa na yi shi kaɗai. Lambobin fifet sun matso, ban da a ƙananan awo, ƙasa da maikurolita 20, inda har yanzu da sauran aiki. Siririyar shimfiɗa tana fitowa da kyau a hannun biyu daga cikinmu, sauran muna kan gyaran kusurwar gilashi. Raba falciparum da sauran ire-iren ba mu taɓa ba tukuna, haka rinin tarin fuka.

Muna so mu tara akwatin gilasanmu na koyo idan damina ta sauka, wajen Agusta zuwa Oktoba. Malam ya ce ba a ɗibar jinin kowa don wannan sai da izinin kwamitin ɗa'a da yardar mai jinin a rubuce, ya kuma ba mu fom ɗin. Ranar Litinin za mu zauna mu cike shi, mu kai wa shugaban sashe.